Kurar da Ke Cikin Littafin Aji Ɗaya

Ni ce ɗalibar jikata ta farko. Kafin ta tsaya gaban 'ya'yan kowa, a gabana ta tsaya, a tsakar gidanmu da ke gefen garin Gadarif, ƙarƙashin rumfar kara. Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba, aka zaunar da ni a kan tabarma aka ce ni ce aji ɗaya. Ita ce ma ke rubuta wannan maganar tawa yanzu, na kuwa gaya mata in ta gyara mini baki ko da kalma ɗaya ce, ban yafe ba.

'Yar ɗana ce. Uwarta ta rasu tana goye, ni na raine ta. Ubanta yana aikin gona a Simsim, in damina ta faɗi ya tafi ke nan, sai an yanke riɗi an tara dawa muke ganin fuskarsa. Yarinyar ta shiga kulliyyar da ake horon malamai, aka ce mana karatun shekara huɗu ne. Ana nan ana nan sai yaƙi ya tashi a Khartum, ya gangaro Jazira, mutane suka yi ta kwararowa garinmu da ƙullin kaya a ka. Aka rufe karatu. Azuzuwan makarantu suka zama ɗakunan kwana, aka ɗaura igiyar shanya daga taga zuwa taga. Jikata ta ajiye littafi ta ɗauki ludayi, tana cikin matan unguwa masu dafa wa baƙin abinci. Kwanci tashi aka sake buɗewa, ta koma, ta tarar rabin ƙawayenta sun watse, wasu sun yi aure, wasu sun ƙetare iyaka. Ita ta zauna daram.

Duk wanda ya san ƙasar Gadarif da damina ya san abin da take yi wa ƙafa. Baƙar laka ce mai kama takalmi ta ƙi saki. Da ta idar da sallar asuba ta share tsakar gida, ta ɗora mini shayi, sai ta sa takalminta mai kyau a leda, ta zura tsohon silifas, ta tattare siket ta bi gefen katanga har bakin titi. A can take wanke ƙafa a gindin randar wani mai shago, ta sauya takalmi, ta jira raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. Karin kumallonsu a kulliyya tasa ɗaya ce ta ful, wato dafaffen wake, da gutsuren burodi, su biyar ko shida a kanta. Bayan azahar ta dawo, leɓe a bushe, jaka cike da takardu. In wayarta ta mutu, ta kai maƙwabta masu sola, ta tsaya a ƙofar gidansu tana bitar darasi a tsaye, don a wayar malamansu ke turo musu rabin karatun.

A shekarar ƙarshe ne ake tura su makarantar gaske su koyar da yaran gaske. Wata malama daga kulliyya za ta zo ta zauna a bayan aji da takarda, ta saurara, ta ba da maki. Wanda ya faɗi wannan, duk sauran karatunsa ba zai ɗaga shi ba, sai ya maimaita shekara. Ubanta kuwa ya riga ya faɗa kafin ya tafi gona, ba da mugunta ba, kansa a ƙasa.

"Inna, wannan shekarar ce iyakar ƙarfina. In ta fita, alhamdu lillahi. In ba ta fita ba, sai ta haƙura ta zauna."

Na dubi wuyansa, na dubi tafin hannunsa. Ita ma tana bayan ƙofa, ta ji.

To, shi ya sa aka mai da ni ɗaliba. Kullum bayan la'asar sai ta jingina tsohon ƙyauren kicin a jikin rumfa, ta shafa masa baƙi ya zama allo. Ta yafa farin tobina, mayafin matan ƙasar nan, irin yadda malamai ke yafawa, ta gyara murya, ta shigo daga zaure kamar baƙuwa.

"Ƙiyam!" in ji ta, wato a miƙe.

Na ce, "Ke, gwiwoyin nan sun girmi ubanki. Ba za su miƙe wa yarinyar da na wanke wa kashi ba."

"Habboba, don Allah! A aji kike." Haka take kirana, wato kaka.

"A gidana nake. Koyar, ina ji."

Haka muke yi. Ta koya mini alif, ta koya mini ba, ina faɗa tana faɗa, kaji suna ratsa ajin, ba mai hana su. Ina jin Larabci, kada wani ya ɗauka ba na ji. Shekara nawa ina ciniki da shi a kasuwa, na yi faɗa da shi, na yi ta'aziyya da shi. Amma Larabcin littafi wani abu ne daban. Kalmar da ka sani sai ta zo maka cikin wata riga, ka kasa gane ta.

Ranar da muka kai harafin kaf, ta rubuta shi a ƙyaure, ta juyo ta ce da murya mai daɗi, "Albintu tal'abu bil kura."

Na san bint yarinya ce. Na san tal'ab wasa ne. Na ajiye tsintsiyar da nake ɗaurewa.

"Wace uwa ce wannan?"

"Wace uwa kuma?"

"Wadda ta bar 'yarta tana wasa da kura. Kuma har aka rubuta a littafi ana koya wa yara."

Ta tsaya tana kallona. Sai ta saki allin, ta durƙusa, ta riƙe ciki. Ta yi dariya har tobin ya zame. Da ƙyar ta jawo wani kwali da ta zana abu a kai, ta ɗaga mini. Ƙwallo ce, ja da fari. Mu a titi kora muke jin yara na cewa. Ashe a littafi kura ce.

Ni ma na yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Na ce mata, "Yadda kunnena ya ji, haka kunnen 'ya'yan mutane zai ji. In kin zo wurin, ki gaya musu da Hausa."

"An hana," in ji ta, tana share hawaye. "Daga shiga aji har fita, Larabci. Na littafi ma, ba na kasuwa ba."

"Wa ya hana?"

"Haka aka koya mana."

Makarantar da aka tura ta ta 'yan mata ce, a ƙetaren kwarin da ke bayan unguwarmu. Ajin da aka ba ta ya cika har bakin ƙofa. Na gaba yawancinsu 'ya'yan baƙin Khartum ne da na Madani, bakinsu a buɗe, hannunsu kullum a sama. Na baya 'ya'yanmu ne, waɗanda tun da aka haife su da Hausa ake kiransu cin abinci, da Hausa ake yi musu faɗa. Ta ce mini suna zaune ne kamar an dasa su. In an ce a maimaita su maimaita, in an tambaya su sunkuyar da kai.

Ban kasance a wurin ba ranar da malamar kulliyya ta fara zuwa. Abin da zan faɗa, daga bakin jikata na ji shi, na kuma ji shi daga bakin uwayen yaran, bakinsu ya zo ɗaya.

An yi ruwa da sassafe. Tana ƙetare kwarin santsi ya kwashe ta, jakarta ta faɗa ruwa. Ta tsamo ta, amma kwalin ƙwallo ya jiƙe, ja ya bi fari, ya zama kamar tsumman mahauta. Tana isa ta tarar da ustaza, wato malamar kulliyyar, ta riga ta zauna a bayan aji, dattijuwa mai tabarau, takarda a cinya. Darasin ranar kuwa kaf ne.

Ta rubuta harafin. Ta faɗi jimlar nan, yara suka maimaita. Da babu hoton da za ta ɗaga, sai ta yi dabara ta tambaya da Larabci, wa ke da kura a gidansu? Na gaba suka ɗaga hannu. Wata ta ce yayanta yana da ita. Wata ta ce tasu sun baro ta a Khartum. Wata ta ce ƙaninta da ita yake kwana, a ƙarƙashin gado yake ajiye ta. Na baya suka fara kallon juna, suna matsawa jikin bango. Jikata ba ta lura ba, hankalinta na kan mai tabarau. Sai ta ce, gobe in Allah ya kai mu zan kawo kura ajin nan, kowace yarinya za ta riƙe ta da hannunta.

Akwai wata 'yar ƙarama da iyayenta ba su daɗe da tasowa daga wani ƙauye kusa da Mafaza ba. A can kura ta taɓa shiga garkensu ta ja akuya, yarinyar ta ga abin da ya rage da safe. Larabcinta bai wuce kalma goma ba, amma ta ji gobe, ta ji aji, ta ji kura. Sai ta fasa ihu. Ta miƙe za ta fita ta taga.

Jikata ta ratsa yara ta kama ta. Ta durƙusa daidai tsayinta ta ce, "Ƙwallo ce, ƙanwata. Ƙwallo, irin ta 'yan maza a fili. Ba kurar daji ba ce. Su haka suke ce mata a littafi."

Sai bayan aji ya fashe da dariya. Yaran da wata guda ba a ji muryarsu ba suka hau magana lokaci ɗaya. Wannan ta ce ita ma ta tsorata, waccan ta ce ƙarya ne ita ta gane tun farko. Jikata ta bar su suka numfasa, ta ƙara musu magana biyu ko uku da Hausa, sannan ta koma Larabci. Ranar har mai kukan ta rubuta kaf a littafinta.

Da aka tashi, ustaza ta kira ta gefe.

"Kin yi rutana a aji," in ji ta. "Wannan zuwan ban ba ki shi ba. Zan dawo bayan mako biyu. In na ji kalma ɗaya ta rutana, ke kika sani."

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai ce mece ce rutana. Ita ce sunan da ake ba duk harshen da ba Larabci ba. Ba a cewa wane harshe ne, ba a tambaya. Kamar ka ce hayaniya, kamar ka ce kukan tsuntsaye a kan dawa. Na ji kalmar nan a mota, ina magana da 'yar'uwata wani ya juyo ya ce mu rage rutana. Na ji ta a layin karɓar magani. Na ji ta a kasuwa daga bakin yaron da na girmi kakarsa. Kowane lokaci na haɗiye, don ina da abin da na zo yi. A ƙasar nan aka haife ni, a nan aka binne uwata, da harshen nan ta yi mini addu'ar ƙarshe. Amma ranar da jikata ta shigo ta faɗa kan gado da takalminta, ta faɗi kalmar tana kallon rufi, sai na ji ta tsaya mini a maƙogwaro ta ƙi wucewa.

Washegari yarinya ta tashi da sabon hali. Ta gaishe ni da Larabci. Ta tambaye ni inda ashana take da Larabci. Na yi kamar ba da ni ake ba.

"Habboba, sai na saba," in ji ta, ta dawo Hausa don dole. "Bakina ne ke zamewa. Ki taimake ni mako biyu kawai."

"A aji ki yi abin da aka ce. A gidan nan kuwa duk wanda ya nemi tuwo da Larabci, sai ya jira Larabci ya tuƙa masa."

"Ke ba ki da abin da za ki rasa! Ni ce zan zauna a gida!"

Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Da la'asar na shimfiɗa tabarmata a gaban ƙyaure ba tare da an kira ni ba. Na ce mata, "Zo ki koyar. Amma ki sani yau ɗalibarki ba ta jin Larabci ko kaɗan. Daga Mafaza na zo jiya."

Haka na zauna mata kamar dutse. Ta faɗi kalma, na kalle ta. Ta sake faɗa da ƙarfi, na ce, "Ba kurma ba ce ni, ban gane ba ne." Ta yi fushi ta shiga ɗaki. Ta fito. Ta ɗauko makulli ta ɗora mini a tafin hannu ta ce miftah. Ta ɗauko cokali ta ce mil'aƙa. Ta kama hannuna ta zagaya da shi a kan harafin. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: a cikin kwanakin nan ta iya koyarwa fiye da da. Da aka toshe mata hanya mai sauƙi, sai hannunta da idonta da duk jikinta suka koyi magana. Wannan ban hana ustaza ladansa ba.

Amma kalmar tana nan inda ta tsaya mini.

Ran nan na ji jikata na cewa ustaza za ta je wata makaranta kusa da kasuwa duba wata ƙawar jikatan da ke koyarwa a can. Ban gaya wa kowa ba. Na yi wanka, na yafa tobin da nake zuwa suna da shi, na ɗauki sandata. Na same ta a ofis lokacin karin kumallo, ita kaɗai, da kofin shayi a gabanta. Na yi sallama, na gaishe ta da Larabci yadda ya kamata, na tambayi iyali. Ta ce gidanta yana Madani, yanzu a ɗaki ɗaya suke zaune wurin dangin mijinta. Na yi mata jaje da zuciya ɗaya. Ta ba ni kujera ta ce, "Hajja, me ke tafe da ke?"

Na gyara zama. Na dube ta cikin ido, na fara ba ta labari da Hausa.

Labarin da uwata ke ba mu ne, na macen da ta je ɗiban ruwa ta tarar kogi ya tafi baƙunta. Na ɗauko shi daga tushe, ban yi sauri ba. Inda ake waƙa na yi waƙar. Da farko ta yi murmushi. Can ta ɗaga hannu ta ce ba ta ji. Na ci gaba. Ta leƙa ƙofa ko za ta ga mai fassara, ba kowa. Na yi mata tambaya a tsakiyar labarin, na tsaya ina jiran amsa, na sake tambaya da ƙarfi. Ta cire tabarau ta ajiye. Na ga wuyanta ya fara tauri.

Sannan na koma Larabci. "Kin gaji, 'yata? Shayinki ko hucewa bai yi ba. Yaran can tun safe suke zaune haka, har azahar, yau da gobe da jibi. Shekararsu shida a duniya."

Ta gane ko ni wace ce. Ba ta daka mini tsawa ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Mace ce mai tsayuwa.

"Hajja, na fi shekara talatin ina koyarwa," in ji ta. "Jarrabawar da yaran nan za su yi da Larabci ce. Takardar asibiti da Larabci ce. In jikarki ta saba musu duk abin da ya yi wuya za a juya musu shi, za su zauna suna jira, ba za su taɓa kama Larabcin ba. Su ne za a bari a baya, ba 'ya'yana ba. Ni ba maƙiyiyarsu ba ce."

"Ban ce ke maƙiyiya ba ce. Ki koya musu Larabci har su fi ki. Ni ma ina so. Amma yarinya tana ihu za ta faɗa ta taga, sai a tsaya neman kalmar littafi?"

"Akwai hanyoyi."

"Wataƙila akwai. Ke kika yi karatu. Ni abu ɗaya na zo nema, ba maki ba ne. Abin da jikata ta yi a ajin nan yana da suna. Kin ce rutana. Ba sunansa ke nan ba."

"Haka kowa ke cewa, Hajja, ba zagi ba ne."

"Wanda ake gaya wa shi ya san ko zagi ne. Faɗi sunansa in ji."

Na dafa sandata da hannu biyu. Ba inda za ni. A waje yara suna ta guje-guje.

"Hausa," in ji ta.

"Madalla. Allah ya mai da ke gidanki lafiya."

Na miƙe. Ina bakin ƙofa ta ce, "Dokar tana nan yadda take, Hajja."

Na ce, "Na ji."

Na kama hanyar gida. Na tsaya a inuwar wani shago ina tambayar kaina ko na je na rushe abin da yarinya ta yi shekaru tana ginawa, don kawai maƙogwarona ya huta. Kafin magariba labari ya riga ya iso gida ta bakin ƙawar tata. Jikata ta zo ta tsaya a kaina.

"Wa ya aike ki? Wa ya aike ki, tsohuwar nan?"

"Ba wanda ya aike ni."

"Yanzu ko ban yi laifi ba sai ta nemo mini!"

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, ba da Hausa ba, ba da Larabci ba. Shayina dai yana zuwa, a dire shi da ƙarfi. Ban ba ta haƙuri ba. In da za a mai da ni ranar, da na sake zuwa. Amma abinci bai yi mini daɗi ba a kwanakin.

Ranar zuwan ustaza na biyu na riga jikata ƙetare kwarin. Na zauna cikin mata masu sayar wa yara gyaɗa da ƙanƙara a gindin katanga, daidai tagar ajinta. Ba ta san ina nan ba. Ina jin komai, in na ɗaga wuya ina ganin rabin allo.

Harafin mim ne. Ta zo da makulli da cokali da ayaba a leda. Muryarta ta fita sarai, ba rawa. Ta zagaya da kayan, yara suna taɓawa suna faɗin sunan, har na baya. Larabci tsantsa, tun daga sallama. Na ce a raina, to, ta tsira.

Saura kaɗan a tashi ta kira yara su fito su rubuta. Na gaba biyu suka rubuta suka koma. Sai ta kira ɗaya daga baya, wata siririya mai ɗan kitso biyu. Yarinyar ta fito ta karɓi alli, ta tsaya gaban allo. Ta tsaya. Ta juyo ta ce a hankali, amma ajin ya yi shiru har ni na ji, "Malama, ta ina zan fara?"

Jikata ta ce mata da Larabci, daga yamin. Yarinya ba ta motsa ba. Ta sake faɗa, ta nuna gefen allon. Yarinyar ta kalli inda aka nuna, ta kalli allin, ta sauya shi daga wannan hannu zuwa wancan. Na gaba suka soma ƙus-ƙus. Jikata tana iya cewa ta koma ta zauna, ta kira wata. Ba wanda zai ce ta yi laifi.

Ba raɗa ta yi ba. Da muryar da ta yi dukan darasin ta ce, "Daga ɓangaren hannun da kike cin tuwo." Ta ɗaga hannun yarinyar sama. "Wannan. Alyamin." Ta juya ga aji, kowa ya ɗaga nasa ya ce alyamin, sau uku. Yarinyar ta juya ta rubuta mim ɗinta, kansa ƙato kamar tulu.

Mai gyaɗar da ke kusa da ni ta ce, "Hajiya, lafiya? Kin murƙushe mini ƙulli biyu."

Da aka tashi ustaza ta nuna wa jikata takardar kafin ta sa a jaka. Jikata ta ce ta yaba kayan da ta kawo, ta yaba muryarta. A ƙasa ta rubuta cewa ɗaliba ta yi amfani da Hausa sau ɗaya, ta ja layi a ƙarƙashi. Ba ta ce ta ci ba, ba ta ce ta faɗi ba. Ta ce a jira sakamako.

Muka jira. Damina ta ɗauke, laka ta bushe ta tsattsage. Aka yanke riɗi. Ubanta ya dawo, ya tambaya sau ɗaya, bai sake ba. Ita kuwa ta rame, tana wanke kwanon da ta riga ta wanke.

Ranar da aka liƙa sunaye ta tafi tun da hantsi. Ta dawo kafin azahar. Ta shigo ba sallama, ta zauna a bakin gado, ta cire mayafi ta jefar. Idonta ja.

"Kin faɗi?" na ce.

"Ban faɗi ba."

"To mene ne?"

"A ƙasan kowa nake. Waɗanda ko riƙe aji ba su iya ba an ba su mai kyau. Ni an ba ni na ƙarshe, wanda daga shi sai faɗuwa. Haka zai zauna a takardata har in mutu."

"Za a ba ki aji ki koyar?"

"Za a ba ni."

"Me suka rubuta? Faɗa mini kalmar."

Ta ce, kamar tana tofar da abu mai ɗaci, "Maƙbul."

Na sa ta maimaita. Wannan kalmar ba sai an kawo mini kwali ba. Kakana ya taso daga yamma da ƙafa, shi da matarsa da jaki ɗaya, suna noma a hanya suna gaba, shekaru suna tafiya don su kai Ɗakin Allah. Matarsa ba ta kai ba. Shi ya kai, ya dawo ya zauna a ƙasar nan. Na tarar da shi da rai, tsoho tukuf, kullum bayan salla hannunsa a sama, abu ɗaya yake roƙo a kan duk wannan tafiyar, a ce maƙbul. An karɓa. Na gaya mata haka.

"Habboba, ba irin wannan ba ne. Wannan maki ne."

"Na ji maki ne."

Na dafa bango na miƙe, na fita tsakar gida. Na cika ƙirjina da iska na rangaɗa guɗa, irin wadda rabona da ita tun auren ubanta. Kaji suka watse. Ubanta ya fito daga ɗaki da hula a hannu. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga, hannunta duk ƙullun kisra, wainar dawar ƙasar nan.

"Hajiya, haihuwa ko aure?"

"Malama muka samu!"

"Barka, barka! Me ta ci?"

Daga cikin ɗaki jikata ta ce, "Habboba, don girman Allah kada ki faɗa!"

Na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, yadda gida na uku ma za su ji, sannan na ce wa ubanta ya kamo mini jan zakaran can kafin ya haura katanga.